Gajeren Wando a Takardar Baba

Tasawa, Litinin

Zuwa ga matata Ƙauna,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jikinki, yaya Maryamu da tarin nan nata? Ki gaida Inna da mutanen majami'a duka.

Na ba Mumuni direba takardar nan don abin da ke ciki ba zai fito bakina a waya ba. An riƙe kayana a duwan, wurin ƴan kwastan, dila shida.

Kin san abin da na sayo a Kano, kamfai na maza, na auduga, wanda zan baza a kasuwar Urafan da ta Mayahi. Kaya ba su shigowa sai taranziter, mai fitar wa ƴan kasuwa kaya a duwan, ya cika musu takarda, ni kuwa wa zan kai wa in ba Baba mahaifinki ba, da wannan ne aikinsa? Da na durƙusa gabansa ya tambayi abin da ke cikin dilolin, sai harshena ya ɗaure. Ta yaya zan dubi mutumin da ya ba ni ƴarsa in ce masa kamfai? Na sunkuyar da kai na ce gajeren wando. Ya rubuta, ya buga hatiminsa.

Ashe a littafin duwan kowane tsumma da lambarsa. Gajeren wando gidansu ɗaya da dogo, kamfai kuwa gidansa daban, a can ma sai an ware na maza da na mata, mai talewa da wanda aka ɗinka da yadi. Duk wanda ya tsara littafin nan ba shi da suruki. Da suka farke dila guda, wani ya ɗaga ɗaya sama yana tale shi gaban jama'a, Baba yana tsaye. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ki sa mu cikin addu'a. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Mijinki,
Kaleb

Tasawa, Laraba

Ƙauna,

Ina gaishe ki, ina fata kuna lafiya ke da yarinya. Saƙonki ya iso. Na san kin yi dariya kafin ki yi kuka, ban ga laifinki ba.

Maganar ta wuce kaya. Shef, shugabar wurin, ta ce harajin ma ɗaya ne, abin da ba ta yarda da shi ba shi ne takarda ta faɗi wani abu, dila ta nuna wani. Kuma ashe bara an taɓa yi wa Baba gargaɗi kan wata lamba da ya rubuta ba daidai ba, saboda idonsa. In aka ɗora masa wannan, za a karɓe izinin aikinsa. Shekara talatin da ɗaya yana aikin nan, Ƙauna, da shi ya kai ki lakwal kika yi karatu, da shi ya rufa gidansa na garin Cake da kwano.

 Na je wurin Abdurrahamane abokin aikinsa, ya ce mafita ɗaya ce: ranar Juma'a in tsaya gaban shef, Baba yana zaune, in faɗi sunan kayan da bakina, in ce ni na ɓoye masa. In na faɗa za a ƙwace kayan, su tafi mana. Tun jiya nake gwada kalmar ni kaɗai a bayan magazan, ɗakin ajiyar kaya, kamar mai sabon hauka. Tsoro nake kada in ga fuskarsa harshen ya sake ɗaurewa.

Baba kuwa ko faɗa bai yi mini ba. Da safe har goro ya miƙo mini, da ma mari ne da ya fi mini sauƙi.

Naki,
Kaleb

Tasawa, Juma'a

Matata,

Ina gaisuwa. Allah ya sa takardar nan ta same ki zaune.

Na isa biro, ofishin shef, ƙarfe takwas, na tarar an gama. Baba ya riga ni tun bakwai. Ya sa hannu cewa laifin nasa ne, an sallami kayana. Na roƙi shef ta saurare ni, na faɗi kalmar sau uku da ƙarfi har masu gadi suka leƙo. Ta ce an rufe magana.

Abdurrahamane ne ya ba ni sauran labarin. Baba ya gaya wa shef cewa tun ranar farko ya gane ba wando ba ne, yadda na sunkuyar da kai da yadda dilolin ba su da nauyin wanduna. Aikinsa ne ya sake tambaya, ya kasa, don bai ga yadda zai sa mijin ƴarsa ya faɗi wannan suna gabansa ba. Ya ce taranziter da ya san gaskiya ya rubuta wani abu bai cancanci hatimi ba, ya ajiye shi kan tebur.

Gobe zai taho Cake da motar Mayahi, da akwatinsa da kujerarsa ta biro. Ki je tasha ki tarbe shi. Ya ce in biya in ɗauki kujerar in kai masa mota, don bayansa ba ya son ɗaukar kaya.

Mijinki,
Kaleb