Sunanka Na Gani a Takarda Ta Uku

Zuwa ga ɗana, Yayansu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara duka. Allah Ya tsare ku, Ya yi muku albarka, Ya kuma ba ka haƙurin karanta ta har ƙarshe, don na san halinka: da magana ta fara yi maka zafi sai ka tuna kana da aiki. Mu nan lafiya lau muke, alhamdulillahi. Ƙafar Babanku ta yi sauƙi har ya koma fita da kansa, sai dai likita ya hana shi shan zaƙi, shi kuma yana fushi da ni kamar ni na yi karatun likitan. Gwaggonku ta zo ta yi mana kwana huɗu. Matar ƙaninka ta sauka lafiya, an samu mace, ka kira su ka yi barka idan ba ka yi ba.

Sau biyar na kira ka a makon nan. Biyu ba ka ɗauka ba, biyu ka ce kana cikin taro, na biyar kuwa ina ambaton ƙanwarka Auta sai layi ya lalace. Shi ya sa na nemi takarda da biro, ita ba ta yankewa. Kawunku direba zai taho wajenku gobe, na ce ya ba ka hannu da hannu, kuma kada ya tashi sai ka buɗe a gabansa. Zan faɗi abin da na sani tun daga farko, domin kada ka ce wani ne ya zuga ni.

Ni ban san ƙwallo ba, ban kuma damu in sani ba. Shekara shida kana sharhin wasa a tashar talabijin ɗin nan taku, duk Asabar ina zama gaban akwatin ne kawai don in ji muryarka. Duk sanda ka ce ga ku nan a filin wasa, yarda nake yi. Idan na ga hadari ya haɗu a saman filin har addu'a nake yi maka kada ruwa ya dake ka mura ta kama ka. Ashe kana cikin ɗaki mai sanyi, can nesa da filin, kana kallon allo kamar yadda nake kallo, an kunna muku ihun 'yan kallo na faifai a bayanku. Auta ta ce yin sharhi daga ɗaki ba aibu ba ne a aikinku, tashoshi da yawa haka suke yi. Aibin shi ne mutum ya ce yana wurin alhali ba ya nan. Na ce mata wannan ba sai ɗan jarida ya koya mini ba.

Sai abin da ya faru Asabar uku da suka wuce. Auta tana filin, a kujerun 'yan jarida, tana aikinta. Hoton da ake aiko muku daga can ya yanke na minti huɗu. Maimakon ku gaya wa mutane an samu matsala, sai kuka sa tambarin tasha a allo kuka ci gaba da sharhi da ka, wane ya ba wane, wane ya buga ta wuce saman raga, ihu yana ta tashi. A daidai wannan lokacin wani ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili, ba wanda ya taɓa shi. An tsai da wasa. Auta ta ce filin ya yi tsit har ana jin takun masu gadon ɗaukar marasa lafiya. Kai kuma kana nan kana ba shi ƙwallo da bakinka, kana cewa ya yanke mutum biyu ya wuce. Saurayin nan yana da uwa. Tana zaune a gida tana jin ka, tana murna, ɗanta kuma yana kwance ana danna masa ƙirji. Allah Ya taimaka ya farfaɗo. Da bai farfaɗo ba fa? Ka taɓa zama ka tambayi kanka?

Abin da ƙanwarka ta yi ba shi da yawa. Ta ɗauki filin da wayarta yana shiru, ta ɗauki ɗakin masu sharhi na filin da kwaɗo a ƙofarsa, ta haɗa da daƙiƙa ashirin na abin da kuka watsa a lokacin, ta sa a shafinta na sada zumunta. Ta rubuta cewa ya kamata tashar ta nemi afuwar masu kallo da iyalin ɗan wasan. Ba ta ambaci sunanka ba. Duk da haka, ba zan ɓoye maka ba, ni na fara yi mata faɗa. Na ce mata duk unguwar nan wa bai san muryar yayanta ba, ta rasa wanda za ta tona wa asiri sai ɗan ɗakinsu? Ta tsaya ta saurare ni har na gama, sannan ta miƙo mini wayar ta ce in kalla da kaina. Na kalla sau biyu. Ban sake ɗaga mata murya ba.

Tashar taku ba ta ce ƙarya ta yi ba. Ba ta fito ta kare kanta ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Sai ta zagaya ta baya ta kai ƙorafi wajen kamfanin da ke da dandalin da shafin nata yake, wai an sace mata hoto, wai daƙiƙa ashirin ɗin nan dukiyarta ce. Kafin la'asar an cire. Auta ta sake rubutawa, wannan karon da hoton allon kawai, mara motsi, shi ma aka cire, aka aiko mata gargaɗi na biyu. Ta rubuta musu doguwar takarda tana bayanin cewa ita 'yar jarida ce, hujja ta nuna ba kaya ta sata ba. Cikin minti ɗaya amsa ta dawo cewa sun duba da kyau. Wane irin dubawa ake yi a minti ɗaya? Ko shinkafa ba a tsince ta a minti ɗaya. Na'ura ce ke amsawa, babu mutum a ciki da za ka kalli idonsa ya ji kunya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shafukan da ke sace wasanku gaba ɗaya suna nuna wa jama'a suna nan daram. Masu yabon tasharku suna sa hotunanku safe da yamma, ba wanda ya ce musu ɓarayi. Hoton ba ya zama dukiya sai ranar da aka nuna laifinku da shi. 'Yan jarida biyu abokan aikinta da suka yaɗa rubutun, an rufe shafin ɗaya, ɗayar kuma tsoro ya sa ta goge komai, yanzu ba ta sa komai sai taya manyanku murnar ƙarin girma. Telan bakin layinmu ya tare ni ranar nan yana dariya, ya ce in gaya maka idan ka samu lokaci ka yi masa sharhin ɗinkin da bai fara ba, ko masu kaya za su daina yi masa sintiri. Na yi yaƙe na wuce. A da, idan na bi ta wurin, cewa suke yi ga uwar mai murya.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na riƙe biro. Ƙorafi na uku ya shiga, kuma dokarsu ita ce a na uku ake rufe shafi gaba ɗaya. Sun ɓoye shi, sun ba ta kwana goma, ranar Alhamis mai zuwa za su goge shi ɗungurungum. Kai ka fi ni sanin abin da ke cikinsa. Shekara takwas na aikinta ne: hirarrakin da ta yi, ƙananan ƙungiyoyin da ba wanda ke zuwa wajensu sai ita, 'yan mata masu buga ƙwallo da ta bi su gari gari a motar haya. Ta can jaridu ke ganinta su ba ta aiki. Ba ta da ofis, ba ta da tasha, shafin nan shi ne shagonta.

Ba ta gaya mini ba. Ta buga takardun ƙorafin uku ne za ta kai wa lauyan ƙungiyar 'yan jarida, ta manta su a kan teburin falo, ni kuma na ɗaga zan goge ƙura. Ka san ban yi nisa a boko ba, amma sakandaren da na yi ta ishe ni karanta layin da aka rubuta sunan mai ƙorafi. Ta farko sunan ofishin tasha, ta biyu sunan ofishin tasha. Ta uku sunanka ne, cikakke, har da na Babanku a ƙarshe. Na sa tabarau na sake dubawa, na fita tsakar gida inda haske ya fi na sake dubawa, ko harafi ɗaya bai canza ba.

Da ta dawo na ajiye mata takardar a gabanta. Ka san me ta yi? Kare ka ta shiga yi. Ta ce kada in yi saurin yanke maka hukunci, wataƙila oganku ne ya turo maka kwamfuta ya tsaya a kanka, kai kuma kana da yara uku. Na matsa mata, sai ta faɗi sauran. Ashe akwai hanya ɗaya da ta rage mata: ta sa hannu a takardar ƙalubale, shafinta ya dawo, amma daga nan magana ta koma tsakaninta da wanda sunansa ke kan ƙorafin, har gaban alƙali idan ta kama, kuma dole sunan ya fita duniya ta gani. Lauya ya ce tana da gaskiya, ta sa hannu kawai. Ta ce masa ba za ta iya ba. Gara shafin ya tafi da ta tsaya gaban alƙali da yayanta, uwarsu tana raye.

To, ka gane yanzu dalilin da ya sa cikin ma'aikatan tashar nan kaf, kai aka zaɓa ka sa suna a ta uku? Ba don sun fi yarda da kai ba ne. Sun san tarbiyyar gidan nan, sun san ba za ta ɗaga hannu a kanka ba. Sun ɗauki kunyar da na koya mata suka ɗaure ta da ita, kai kuma ka riƙe musu igiyar. Wannan ne ba zan yafe wa mutanen nan ba, kuma wannan ne ya hana ni cin abinci kwana biyu. Ban koya wa 'ya'yana girmama na gaba don wani ƙato mai kujera ya yi amfani da shi ya rufe bakin gaskiya ba. Na nuna wa Babanku. Ya daɗe yana kallon sunansa a jikin takardar, sannan ya ce in rubuta maka, shi idan ya fara ba zai iya tsayawa ba.

Na san tsoron da kake ji, ban raina shi ba. Aiki ba ya samuwa a bakin titi, kuma mai iyali ba ya wasa da abincinsa. Amma lauya ya ce wanda ya shigar da ƙorafi yana iya janye shi da kansa, layi biyu ne kawai. Takardar nan za ta iso maka saura kwana huɗu. Ka janye. Idan suka kore ka a kan haka, ka kwaso iyalinka ku taho, gidan nan ya ɗauke ku a da, zai ɗauke ku yanzu, kuma ni da kaina zan fito bakin ƙofa in tarbe ka. Idan kuma ba ka janye ba, ka sani na riga na gaya wa Auta na sauke mata nauyin. Ranar Alhamis da hantsi zan sa mayafina in raka ta ofishin lauya, in zauna kusa da ita ta sa hannu. Ta yi kuka ta ce kada in sa ta, na ce mata umarni ne. Kada ka kira ni ka yi mini bayani, na san ka iya magana. Idan ka janye, saƙo zai shigo wayarta, shi ne amsar da nake jira.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ba ta ta karanta idan ka ga dama, ba abin da na rubuta da nake jin kunyarsa. Ka shafa mini kan takwarata da 'yan biyu. Babanku yana gaishe su. Gwaggonku da ƙaninka suna gaishe ku. Auta ba ta san na rubuta ba, amma da ta sani da ta ce a gaishe ka, haka take. Allah Ya nuna maka daidai, Ya ba ka ƙarfin bin sa kafin Alhamis.

Wassalam. Ni ce wadda ta haife ku, ku biyun,
Mahaifiyarka.