Tayar da Na Zaɓar wa Zalɓe

Zuwa ga Uwar Yarana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Ki tabbata ana ba ta farar ƙwayar nan bayan ta ci abinci, ba kafin ba. Haka aka rubuta a takardar cikin kwalin, kuma na san ma'aikatan asibitin nan ba kowa ke karantawa ba.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin a waya baki yakan riga hankali. Maganar Auta ce. An sa ranar tseren keken nan na kan duwatsu, kuma babbar ƙungiyar da za ta zo kallo ta ce matashi ɗaya tak za ta ɗauka, wanda ya zo na farko, ta ɗauki nauyin horonsa da karatunsa. Kin san halin da muke ciki da yaron nan. Jarrabawa ta ƙi shi, ya ƙi ta. Keken nan ne kaɗai ƙofar da ta rage masa. Cikin duk masu shiga, ba wanda ke iya ja da shi sai Zalɓe, ɗan ƙanwata, wanda doguwar ƙafar nan tasa take cinye hawa kamar ba ya jin nauyin jikinsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na karɓo ƙasidun masu yin taya daga shagon kekuna, ina nazarinsu a kantinmu na magani duk lokacin da masu saye suka tsagaita. Tayoyin da suka dace iri biyu ne. Ɗaya marar nauyi ce, haƙoranta ƙanana, gefenta siriri kamar ɓawon albasa. Ƙasida ta ce ita ce ta fi sauri a hawa. Ɗayar mai kauri ce, haƙoranta manya, an ninka gefenta, amma tana jan ƙafa. Sai dai wanda ya rubuta ƙasidar bai taɓa ganin gangaren nan da yaran ke kira Bakin Wuƙa ba, inda duwatsun suke tsaitsaye, kowanne da kaifinsa.

Gani ya kori ji. Na sayi kowane iri, na sa a tsohon keken Auta, na tafi da kaina ban gaya wa kowa ba. Kada ki yi faɗa. Mai kaurin ta sauka da ni lafiya. Da na sa marar nauyin a ƙafar baya, ban kai tsakiyar gangaren ba dutse ya tsarge gefenta kamar an sa reza, na tuntsura na kuje gwiwar hannu. Haka na turo keken har gida. Auta na tarar a ƙofa. Ya wanke mini ciwon, ya ce da girmana da hawan jinina me ya kai ni, sannan ya tsuguna ya daɗe yana duban tsagar tayar. Na cire ta daga keken na jefa bayan tankin ruwa.

Yanzu hankalina ya ɗan kwanta. Na san abin da ɗanmu zai hau.

Ki gaida Inna da kyau. Ki riƙa samun barci.

Naki har kullum,
Baban Auta

*

Zuwa ga Uwar Yarana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Inna. Saƙonki ya iso, na ji an cire mata robar hanci, alhamdu lillahi. Hannuna ya warke, sai ɗan tabo.

Akwai abin da nake so ki ji daga bakina, a tsare, kafin wani ya kawo miki shi a karkace.

Shekaranjiya ƙanwata ta zo da Zalɓe bayan ta tashi daga aiki, ko kayan aikin ba ta cire ba. Ta ce, "Yaya, kai ne mai karatun waɗannan abubuwa, ka zaɓar wa ɗanka taya." Shi kuwa yana ta tsokanar taubashinsa kamar yadda suka saba, wai Auta ya tanadi tabarau saboda ƙurar da zai sha a bayansa. Auta ya ce masa zalɓe dai a bakin ruwa aka san shi, ba a kan dutse ba. Muka yi dariya.

Na zaunar da yaron a falo, na ɗauko ƙasidar, na karanta masa abin da ta faɗa game da marar nauyin, kalma bayan kalma. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na nuna masa inda aka ce ta fi sauri a hawa, na tuna masa cewa hawa ne ƙarfinsa. Idonsa ya yi haske. Ya ce, "Kawu, ita nake so." Na ce to, shi ya zaɓa. Bai tambaye ni Bakin Wuƙa ba, ni ma ban ɗauko zancen ba. Mai horar da Zalɓe ma, da aka gaya masa, cewa ya yi tunda ni na duba, magana ta ƙare.

Na san abin da za ki ce, domin na san zuciyarki. Amma ki auna da hankali. Zalɓe yana da sakamako mai kyau. Ko ya faɗi a tseren nan, makarantu suna jiransa. Ɗanmu idan ya rasa wannan, sai zaman shagon wani. Ban yi wa kowa ƙarya ba. A kanti ma, idan mutum ya nuna maganin da yake so, na karanta masa takardarsa, ai na fita haƙƙinsa. Kuma ba rauni nake nema masa ba. Taya ce za ta sace, ya sauka ya tura, shi ke nan. Na lissafa, a gudun da ake saukowa wurin, da wuya ya wuce kujewa irin tawa.

Da hannuna na ɗaura wa Zalɓe tayoyin, na auna iskar daidai, domin ba na aikin ha'inci. Na Auta ma na ɗaura masu kaurin, iska tsaka-tsaki: in ta yi yawa keke ya riƙa tsalle a kan dutse, in ta yi kaɗan dutse ya ciji wili. Duk lokacin da nake karanta wa Zalɓe ƙasidar, Auta yana bakin ƙofa yana wanke kacar kekensa. Tun ranar ya rage magana, abinci ma sai ya tsakura. Fargabar tsere ce, na ba shi maganin ƙarin kuzari.

Kada ki tayar da wannan zance da kowa. Ki yi mana addu'a.

Mijinki mai ƙaunarki,
Baban Auta

*

Uwar Yarana,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, Inna ma tana samun sauƙi.

An yi tseren. Na tsaya a gefen Bakin Wuƙa, inda zan ga komai. Tun zagayen farko su biyu suka bar sauran, Zalɓe a gaba, Auta manne da tayarsa ta baya. A gangare ɗanmu ya fi shi nesa ba kusa ba, tayarsa tana kama dutse kamar an liƙa ta. Na ga hanya ta buɗe masa, na ga ya taɓa birki ya ƙi wucewa. Zagaye na biyu ma haka. Na yi ta ihu har muryata ta dushe, ni da ban taɓa ɗaga murya a bainar jama'a ba. Ko waiwayowa bai yi ba.

A zagayen ƙarshe abin da na lissafa ya faru, kusan a kan dutsen da ya kayar da ni. Tayar bayan Zalɓe ta tsage, ya yi tangal-tangal ya dafa ƙasa. Hanya ta zama ta Auta shi kaɗai. Ba abin da ya rage masa sai ya taka feda.

Sai ya tsaya. Uwar Yarana, ɗanki ya tsaya. Ya kifa kekensa, ya zare wilinsa na baya, wanda na zaɓa, na ɗaura, na auna, ya sa wa Zalɓe cikin ƙiftawar ido, ya tura shi da hannu biyu. Na ji yana ce masa, "Tafi mana, dogon banza!" Zalɓe ya tafi ya zo na farko. Ɗanmu ya saɓa keke a kafaɗa, ya sauko da ƙafa, na uku da na huɗu da kowa da kowa suna wuce shi.

Mutane suka yi ta tafa masa. Wani dattijo har ya kama hannuna yana cewa na iya tarbiyya. Tafi ba ya biyan kuɗin makaranta. Da ya iso na ja shi gefe na gaya masa abin da ya kamata uba ya faɗa. Na ce masa abu ɗaya Allah Ya ba shi a duniya, ya ɗauka ya yi kyauta da shi kamar wawa a kasuwa. Na ce wanda ya kasa cin jarrabawa, ya kuma ƙi cin tsere, ban san abin da zai ci ba sai abincin gidana. Na faɗa a gaban abokansa, kuma ban yi nadama ba. Magani mai ɗaci shi ke aiki. Ya dube ni kawai, irin kallon da ya yi wa tayar nan ranar da na faɗi.

Ƙanwata ta rungume ni tana kuka, tana sa wa Auta albarka. Na ƙyale ta.

Amma magana ba ta ƙare ba. Ina da ƙasidar dokokin tseren, na kuma karanta ta tun daga bango har bango.

Naki,
Baban Auta

*

Zuwa ga Uwar Yarana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya jikin Inna? Na kira wayarki ba a ɗauka ba, na ce ko caji ne. Na ji daga bakin yayanki cewa an sallame ku tun makon jiya, amma kin ce za ki ƙara kwanaki a wurinta. Ban hana ba, sai dai da kin sanar da ni da kanki.

Ga yadda aka ƙare. Doka ta ce ɗan tsere ba ya karɓar wili daga hannun wani sai in ƙungiyarsu ɗaya. Auta da sunan ƙungiyar unguwa ya shiga, Zalɓe da sunan makarantarsu. Na rubuta wa alƙalan tseren ƙorafi cikin ladabi, na nuna musu sashen. Tunanina shi ne za a soke sakamakon a sake tseren, ɗanmu ya samu damar gyara wautarsa. Suka kira mu ofishinsu, wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya, suka ce dokar haka take, sun gode da na tuna musu. Suka cire sunan Zalɓe. Suka cire na Auta ma, suka dakatar da su duka na shekara guda, domin mai bayarwa da mai karɓa laifinsu ɗaya. Wannan layin yana bayan shafin, kuma na karanta shi, sai dai na ɗauka za su yi sassauci. Gurbin ya tafi ga wanda ya zo na biyu, wani yaro da ban ma san ɗan wane ne ba.

Babban alƙalin ya tambayi Auta abin da ya sa ya yi ta bin bayan ɗan'uwansa alhali ya fi shi gudu a gangare. A gaban Goggonsa, a gaban Zalɓe, ya ce jira yake yi. Ya ce ya san tayar za ta tsage, domin ya ga irinta a tsage a hannun babansa, tana nan bayan tankin gidanmu in ana son gani. Ya ce ya rasa yadda zai tona wa ubansa asiri, ya kuma rasa yadda zai ci tsere a haka, shi ya sa ya ɗauko wa Zalɓe wili a kekensa. Ki ji fa. Tun daga farko ba tsere yake yi ba, dako yake yi.

Ƙanwata ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Yaya, da ka ce mini in janye shi saboda Auta, wallahi da na janye shi." Zalɓe kuwa da muka fito ya gaishe ni, amma da "Malam" ya kira ni.

Auta ya kwashe kayansa ya koma gidan Goggonsa. Ban hana shi ba, ban kuma ba shi ko kuɗin mota ba. Na kulle kekensa a ɗakin ajiya, tunda ni na saya. Idan yunwar keke ta kama shi, ya san inda makulli yake, ya kuma san kalmar da zai faɗa kafin ya karɓa. Ina roƙonki kada ki aika masa da komai ta bayan fage. Tausayinki ne ya lalata shi tun yana ƙarami.

Jiya da na dawo daga kanti na tarar da wilin da Auta ya ba Zalɓe a jingine a ƙofar gida, an wanke shi tas, ba saƙo, ba kowa. Na shiga da shi falo na duba shi a gaban taga, haƙori bayan haƙori. Tayar nan ta sauka Bakin Wuƙa sau uku a ƙarƙashin mutum biyu, babu tsaga, babu ko ƙwarzane a gefenta. Na sa ma'auni, iskar tana nan yadda na sa ta.

Zaɓina daidai ne, Uwar Yarana. Duk cikinsu ba wanda ya faɗi haka, ko mutum ɗaya. Na ajiye wilin a kan kujerar Auta, ina so idan kin dawo ki shafa gefen tayar da hannunki, ki gani da idonki. Ki sanar da ni ranar da za ki taso, in zo tasha. Gidan ya yi shiru da yawa.

Ki gaida Inna, a ci gaba da ba ta ƙwayar bayan abinci.

Mijinki, mai jiran amsarki,
Baban Auta