Kumbon Da Ba Ya Sauka

Daren Talata, Fagge

Yau a shagon Baban Ngozi a Sabon Gari na ga hotunan duniyar Mars a talbijin. Jan fili ne da duwatsu, ba kowa. Wata 'yar mota da aka saukar can ce take ɗauka. Baban Ngozi ya ce akwai wani kumbo da ke zagayawa a sama, shi ke karɓar hotunan ya miƙo mana. Na ce, "Shi yaushe zai sauka?" Ya yi dariya. "'Yata, ba ya sauka. Shi ɗan aike ne."

Bayan isha'i na tarar da Yaya Nasiru, ɗan unguwarmu, a ƙofar gidanmu cikin farar shadda. Shi da na daɗe ina ɓoye sonsa a raina! Ya kira sunana. A littattafan soyayya daga nan ake farawa. Na sunkuyar da kai ina jira.

"Ƙanwata, shiga ki ce ana sallama da yayarki Hauwa."

Na shiga na faɗa. Har turarena ta ara.

Ina jiyo dariyarsu a zaure har yanzu. Ya ce gobe ma ni zai aika, wai na fi kowa hankali. Na ce to.