Tarin Duwatsun Tomezo

Litinin, 4 ga Satumba
An yi taron gari. Za su kawo motar haƙa su yashe gindin kogi saboda ambaliya. Shigeharu, ƙanen marigayi mijina Tomezo, shi ne shugaban gari yanzu, har da wani ƙaton tabarau. Ya ce hukuma za ta bar wuri ɗaya tak, inda 'ya'yan kifin unagi ke zama. Na miƙe na ce ai wurin sananne ne: tarin duwatsun da Tomezo ya jera a ruwa. Wai, "Yaya, zauna mana, sai an gani da ido." Ni zai zaunar? Ni da na share masa majina!

Laraba, 6 ga Satumba
Shekara arba'in muna kama dogon kifin nan mai santsi a tarin. Mu kewaye shi da raga, mu kwashe duwatsu, mu ɗebi rabonmu, mu sake jerawa. Tomezo kan ce nan ne ɗakin renonsu. Ba mai taɓa shi ina numfashi.

Asabar, 9 ga Satumba
Mun kwashe a gaban Shigeharu. Manya bakwai. Ƙarami ko ɗaya babu. Bai yi dariya ba, da ma ya yi, da na sami na zagi.

Lahadi, 10 ga Satumba
Na je wankin raga ƙasan gada, inda ruwa bai wuce idon sawu ba, tsakuwa ce zalla da ruɓaɓɓen ganye. Wani abu ya yi motsi tsakanin yatsun ƙafata. Na damƙo tsakuwa: 'ya'yan unagi uku, baƙaƙe, tsawon ɗan yatsa. Na sake damƙowa, biyu. Haba Tomezo, shekara arba'in muna taka su muna wucewa?
Ba wanda ya gan ni.

Talata, 12 ga Satumba
Ba zan faɗa ba. Mutuncin mijina ya fi kifi.

Alhamis, 14 ga Satumba
Injiniya ya zo da jar tutar da za a kafa a wurin da za a bari. Shigeharu ya ja ni gefe: "Tunda ba a gan su ko'ina ba, kafa a tarin Yaya Tomezo, ba mai cewa uffan." Tausayina yake ji, abin da na tsana ke nan. Na fizge tutar na shiga ruwa. Ya ɗaga murya, "Yaya, kin wuce!" Na ce, "Idona ya fi tabaranka." Na kafa ta ƙasan gada, na damƙo tsakuwa na buɗe musu hannu.

Litinin, 25 ga Satumba
Minti ashirin motar ta cinye tarin. Na tsaya kan gada ne don kada su taɓa tsakuwata, ba don komai ba. Iska ce ta sa idona ruwa.
Jiya na ɗauko dutse ɗaya, mai faɗin nan da Tomezo kan zauna a kai ya sha taba. Na danne kabejin da na jiƙa da gishiri da shi. Da ma ina neman dutse, shi ke nan.