Dakan da Nake Ji ta Katanga

Badariya, daren Laraba, Maris 1989

Tun ranar Lahadi na kasa buɗe littafin soyayya ko ɗaya. Wata uku ina jin dum-dum ta katangar maƙwabta, ina cewa Hadiza ba ta gajiya da daka. Ranar Lahadin na gan ta a bakin famfo, leɓe a fashe, haƙora biyu babu.

Na tambayi maigida, tunda kimiyya yake koyarwa, yaya aka yi ban taɓa jin ihunta ba. Ya ce, "Sauti mai kauri shi ke keta ginin ƙasa, siriri kuwa katanga shanye shi take. Ke dai ba ruwanki."

Ashe ihu take yi, ni ina kwance ina karatu. Yanzu ma mijin ya fara dukanta. Gobe da sassafe zan shiga motar Argungu in gaya wa yayanta.