Man Kifin da Na Kai wa Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina neman izini in yi miki magana mai tsawo. Na san ba mu saba ba. Ni ce 'yarki ta fari, kuma duk zaman da muka yi a duniya ban tuna ranar da muka haɗa tabarma muka yi hira ba. Yau damina uku da rasuwarki, sai yanzu bakina ya buɗe, da ba ki da halin tashi ki bar mini wurin.

Kwana tara ke nan da Goggo Asabe ta zo Dutse ta faɗa mini wata magana, kuma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna in miƙe, in na miƙe in rasa abin da na tashi yi. Jiya a aji na tsaya da alli a hannu har yara suka fara dariya. Tambaya ɗaya ce take cina, Inna: ni ce sanadin tafiyarki?

Bari in faro daga baya, ko zan gane inda na kauce.

Ana yaye ni kika miƙa ni ga Goggo, ƙanwar Baba kuma aminiyarki, danga ɗaya ce tsakanin gidajenku. Kunyar ɗan fari kika riƙe ta da hannu biyu. Sunana bai taɓa fita daga bakinki ba, daga "ke" sai "waccan" sai "yarinyar nan". Amma duk ranar da masunta suka fito da tarwaɗa mai kyau, sai in ga tsoka mafi maiƙo a kwanona, ta tsallako danga ba sallama. Ina ci ina leƙenki ta ƙofar kara, kina gaban banda kina juya kifi, hayaƙi ya sa idonki ja, kin yi kamar ba ki san da ni ba.

Da kika daina fashin salla sai jikinki ya sake. Zafi ya riƙa taso miki, ko ana ruwa kina firfita da mafici. In kin ɗauko itace daga bakin fadama sai kin tsaya sau biyu kina haki, ƙirjinki yana bugawa. Goggo ce ta ja ki asibiti a Haɗejia. Suka ce hawan jini ne, kuma mace in ta kai wannan gaɓa sai ta kula da zuciyarta. Suka ba ki ƙananan ƙwayoyi farare, ɗaya kowace safiya, ki riƙa zuwa awo, ki rage gishiri da kanwa. Ƙwayoyin kam kin sha su da gaske wajen shekara biyu. Kanwar ce dai kika yi wa kunnen uwar shegu, don duk mai jego a unguwa ke ce mai dama mata kunu, kuma ai dole mai damu ta ɗanɗana.

Duk wannan a bakin Goggo na ji. Ke ba za ki faɗa mini ba, ni ba zan tambaye ki ba.

A makarantar da nake koyarwa akwai Malama Rifkatu, 'yar Filato, mace mai son mutane. Na ba ta labarinki, ta ce uwarta ma haka, kuma tana saya mata ƙwayoyin man kifi a kemis don su taimaka wa zuciya. Har ta raka ni muka saya. Muna fitowa ta riƙe hannuna ta ce, "Amma fa wannan taimako ne kawai, kada Mama ta bar na asibiti." Na ji, Inna. Da kunnuwana biyu na ji, har na ce mata to.

Na shiga mota zuwa Auyo, na hau babur, aka yi mini fito a kwalekwale. Na durƙusa daga nesa na gaishe ki. Kika amsa fuskarki tana wajen banda, kika tambayi hanya, kika tambayi maigidana, kika tambayi 'yan makaranta, kowa dai ban da ni. Maganar Rifkatu tana kan harshena. Amma in faɗe ta sai na matso kusa, sai na yi zancen jikinki da shekarunki, sai kin ɗago kin dube ni. Na kasa. Na ɗora kwalbar a kan faifan da kike rufe tulu, na tsallaka wajen Goggo na ce mata na zuciya ne, ɗaya kullum. Sai na yi sauri kada mai fito ya tafi ya bar ni. Ni da nake wuni ina yi wa 'ya'yan mutane bayani har muryata ta dushe.

Daga baya Goggo ta ce kin ɗaga kwalbar a rana, kin ga ƙwayoyin rawaya kamar zuma, kin yi dariya kin ce, "Ni da na tsufa a kan banda, yau ni ake kawo wa man kifi a kwalba." Gaskiyarki, ko da yake kifin naki na kasuwa ne da na yara, ke sai kai da ƙaya. Na ji daɗin dariyar nan ba kaɗan ba. Kafin kwalba ta ƙare na aiko da wata. Ina tafiya ina jin kaina 'yar kirki.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa ya shanye shinkafar mutane, ya yanke hanya. Da hantsi kika faɗi a gaban banda, ɓarin jikinki ɗaya ya saki. Maza suka sa ki a kwalekwale, suna tuƙi ta saman gonaki. Kafin su kai bakin kwalta kin cika. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Na yi kuka, na yi haƙuri, na koma aiki.

To yanzu ita ma Goggo an ɗora ta a kan fararen ƙwayoyin nan, shi ne ta zo in kai ta awo. Muna zaune a bencin asibiti ta fashe da kuka, ta fito da abin da ta binne shekara uku. Ta ce washegarin zuwana kika ƙulle na asibiti a tsumma kika jefa ƙasan kwalla. Tun tasowarki kin yarda cewa magani biyu ba sa zama ciki ɗaya, faɗa suke yi. Ta ce miki ki aika a tambaye ni, kika ce, "Ni in tambayi waccan?" Ta ce to ki ajiye nawa ki ci gaba da na likita. Kika ce, "Wanda yarinyar nan ta hau ruwa ta kawo, shi zan sha." Awon ma daga nan kika daina zuwa, wai kin samu lafiya.

Na koma wajen likita ni kaɗai na tambaye shi. Ya ce ba wanda zai rantse a kan abin da ya riga ya wuce. Man kifin bai cuce ki ba, aikin fararen ne ba zai iya ba, kuma barin su haɗari ne babba. Ya faɗa a hankali don ya lallashe ni. Ban lallasu ba.

Ina jin haushinki, Inna, ki yi haƙuri in faɗa. Tun ina ƙarama nake neman ranar da za ki zaɓe ni a fili, ko sau ɗaya. Ashe kin zaɓe ni, kuma da ranki kika yi zaɓin. Wallahi da kin watsar da kwalbar a kogi, kin ci gaba da ce mini "waccan" har yau, da na fi so. Sai kuma in juyo kaina, in ga na fi ki laifi. Ke ba ki sani ba. Ni na sani, kunya ta rufe mini baki. An ce da na sani ƙeya ce, to tawa ta ƙi zama a baya, kullum tana gabana.

Ga abin da na yi yau, ban sani ba ko za ki so shi. Jikarki, 'yata ta fari, wadda aka sa wa sunanki muke ce mata Ummi, ta shekara goma sha uku. Sai a kwanakin nan na lura in ta shigo ɗaki ina samun abin kallo a bango. Ciwonta a bakin ƙannenta nake ji. Ba wanda ya koya mini, gado na yi.

Da la'asar tana tsakar gida tana tsince shinkafa, maƙwabta suna nan, na buɗe baki na ce, "Maimuna." Ban taɓa furta sunan nan ba tun da aka haife ni. Yarinyar ta waiga baya tana neman wadda ake kira. Da ta gane ita ce sai ta taso, ta ɗauka laifi ta yi. Na matsa mata a tabarmata. Na ce daga yau in wani abu yana damunta ni za ta faɗa wa, in ni ma yana damuna ita zan faɗa wa. Ta sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar. Mun fi rabin awa a haka, amma ba wadda ta tashi.

Ki yafe mini abin da ban faɗa miki ba, ni ma na yafe miki tambayar da ba ki yi ba. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya zuciyar da ta wahala a kanmu. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu a gidan da uwa za ta dubi 'yarta ido cikin ido.

'Yarki,
Hajara