Babanmu yana raba maganin hawan jininsa da amininsa

Assalamu alaikum Hajiya Sakinatu. Don Allah ki ba ni shawara tun kafin in yi abin da za a daɗe ana maganarsa a garinmu. Ban yi nisa a boko ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

Ranar Talatar nan da hantsi na dawo daga kai taki gona, sai na hangi Babanmu a kan tabarma a ƙofar gida shi da amininsa Malam Mati. Ina kallo Baba ya ciro ƙwayar maganin hawan jininsa, ya sa farce ya ɓalla ta biyu yadda suke yi wa goro, ya miƙa wa Mati rabi, ya haɗiye rabi. Mati ko godiya bai yi ba, kin ga ke nan an saba.

Hajiya, bara Baba ya faɗi a masallaci, har yau hannunsa na hagu bai dawo daidai ba. Likita ya ce ƙwaya ɗaya kullum. Daga lokacin zuwa yanzu kuɗin maganin ya ninka sau uku, kuma ni nake saya. Da rani bulo nake bugawa a Bacirawa, da damina in yi ƙwadago, tunkiyata ma a kan maganin nan ta tafi. Abin da ya sa ban gane da wuri ba, katin maganin yana ƙarewa daidai ranar da ya kamata. Na dai lura Baba ya koma dafe ƙeya da yamma, har na fara zargin mai kemis da sayar mini da jabu.

Mati 'ya'yansa maza uku, ɗaya har babur gare shi. Shi Matin ba a taɓa gwada shi a asibiti ba, shi ya yanke wa kansa cewa ciwonsu ɗaya da Baba don yana jin jiri. Da na yi wa Baba magana, cewa ya yi shekara hamsin ɗayansu bai taɓa cin abu ɗayan yana kallo ba, in daina sa masa ido. Kowa ya san ni da haƙuri, amma na ƙudura ranar Juma'a in tsare Mati a gaban jama'a in gaya masa kwaɗayinsa zai kashe mana uba. In ya musa, ba ni kaɗai na gani ba. Ƙanwata Huseina tana tsaye da kwanon koko, Basiru mai faci ma yana wurin.

Daga Mai Buga Bulo, ta wajen Makoda

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka kan ɗawainiyar mahaifinka. Amma maganar Juma'a ka ajiye ta. Ranar da ka tozarta Mati, mahaifinka ka tozarta, kuma rabon ba zai tsaya ba, ɗaki zai koma inda ba ka gani.

Kana da gaskiya, rabin ƙwaya ga wanda ya taɓa faɗuwa haɗari ne babba, shi ma Mati yana shan abin da ba a rubuta masa ba. Sai dai ba sata ya yi ba, ba shi aka yi. Kai kuma ka zargi 'ya'yansa a takarda, amma ban ga inda ka ce ka taka ka same su ba. Wataƙila ba su ma sani ba.

Ka je wurin babbansu yau, kada ka jira Juma'a. Ku kai dattawan nan biyu asibitin da ya fi kusa a rana ɗaya, a gwada kowa. Ka gaya wa likita gaskiya cewa rabi Baba yake sha, kada ka ƙara masa ko ka canza da kanka. Ka tambaye shi ko akwai irin maganin na wani kamfani mai inganci da sauƙin kuɗi, sau da yawa ana samu. Ka kuma tambaya ko suna da tsarin taimakon lafiya da ake yi wa tsofaffi rajista. Ka sa a ranka mahaifinka ba zai haɗiye cikakkiyar ƙwaya ba sai ya ga amininsa da tasa a hannu.

Allah ya ba su lafiya, ya sanyaya maka zuciya.